Odiel Ba Ya Kwana Nesa da Tattabarunsa

A ƙauyenmu, can gefen Oudenaarde, idan ka ce wa Odiel Bruneel ina kwana, sai ya fara duban hannunka kafin ya amsa, ya ga ko akwai abin da ka ɓoye. Haka Allah ya yi shi. Ya yi aikin gyaran inji a wata masaƙa a Ronse har ya yi ritaya, bai taɓa yarda wani ya riƙe masa sifana ba. In likita ya rubuta masa magani, sai ya ce da mai kemis suka haɗa baki. In fada ya gaishe shi a ƙofar coci, ya ce akwai abin da yake nema. Mu da muke layi ɗaya da shi tun tasowarmu, ba wanda ya taɓa ganin cikin ɗakin tattabarunsa sai ta saman shinge.

Tattabarun nan su ne Odiel. Wajen mahaifinsa ya gaje su, tare da ɗakin katakon da ke ƙarshen lambu, tare da halin zargin nan. Na tsere ne, irin waɗanda ake zubawa a kwando a kai su kudancin Faransa ko Barcelona a sake su, kowace ta nemi gida. Ran Lahadi za ka gan shi tsaye a lambu cikin rigar aikinsa ruwan toka, wuya a miƙe, yana kaɗa gwangwanin masara yana fito. Saboda su ya ƙi zuwa bikin 'yar ƙanwarsa a Liège, don an ce za a kwana. Ko ranar aurensa, in ji tsofaffi, sai da ya sulale daga wajen walima ya je ya ba su abincin yamma da kwat ɗin angonci a jikinsa.

Yana da baiwa ɗaya wadda ko maƙiyinsa ba ya musa masa ita, wato kunne. Sai ya ɗauki tattabara ya kara bayanta a kunnensa, ya lumshe ido, ya ce wannan numfashinta ba daidai yake ba. Kafin mako ya zagayo sai ka ga ta takure a lungu. Mutane kan kawo masa nasu ya saurara musu, yakan saurara kuwa, amma a bakin titi, ba a shigar masa gida.

Matarsa Godelieve, wadda kowa ke kira Lieve, ita ke wanke rigunan nan ruwan toka. Takan kakkaɓe farar hodar fuka-fukin da ke kafaɗunsu a bakin ƙofar kicin kafin ta jefa su a inji. Ba ta taɓa shiga ɗakin tattabarun ba, ba a kuma taɓa gayyatarta ba. Abin da take kiransu ma shi ne masu ɓata mini shanya. Mace ce siririya, mai saurin hannu, mai ɗan tari. Tarin ya daɗe a gidan har ya zama kamar agogon bango, ba mai jin sa.

Maƙwabcinsu ta bayan shinge shi ne Firmin, tsohon direban bas, shi ma mai tattabaru. Tare suka yi firamare, tare suka fara kai kwando ƙungiyar masu tseren tattabaru, har ranar da aka yi abin zanen gado. Kowa ya san ran Lahadin tsere ba a shanya a layinmu sai tattabaru sun gama sauka, don farin abu yana kaɗawa yakan firgita su. To, wata shekara ana jiran na Barcelona, matar Firmin ta manta ta shanya farin zanen gado. Tattabarar Odiel ta riga kowa isowa, ta ga zane, ta zagaya ta je ta zauna kan rufin coci tana gyaran gashi, har ta Firmin ta zo ta shige. Matar ta zo ta ba da haƙuri har da hawaye. Odiel ya ce ba mantuwa ba ce, sa ta aka yi. Shekaru bayan haka, da ta rasu, ya je jana'izarta, ya yi wa Firmin gaisuwa yadda ya kamata, amma da suka dawo gida ya ce wa Lieve har yau bai ga dalilin wanke zanen gado ran Lahadi ba.

Wannan shi ne mutumin da Lieve ta tura wa ɗan littafi mai hotuna wata rana a watan Nuwamba, suna cikin shan miyar albasa da burodi. A bangon littafin akwai wani baƙin tsuntsu, bakinsa ya kusa fin jikinsa, kamar an liƙa masa ayaba.

Ta ce, "Odiel, za mu tafi Kosta Rika."

"Ina ne kuma haka?"

"Can tsallaken teku. Daji ne, ruwan sama kullum, tsuntsaye kala-kala, da birai. Mako uku, da an shiga sabuwar shekara."

Ya ajiye cokali. "Wa ya mutu a can?"

"Ba wanda ya mutu. Hutu ake kiransa, mutane suna yi."

"Me muka yi muka gaji?"

"Kai dai ba ka gaji ba."

Ya dubi littafin, ya dube ta. Matar da ko tsuntsu ya sauka a taga sai ta kora shi da tsumma, yau ita ce za ta tsallake teku kallon tsuntsaye. Ya yi tambayar da ita kaɗai ce tambaya a wurinsa. "Wa zai duba tattabarun?"

Lieve ba ta ɗago daga kan kwanonta ba. "Firmin ya ce zai duba."

Nan Odiel ya ji miyar ta fita ransa. A farkon Janairu ƙungiya ke raba sababbin zobba. 'Yar tattabara ana zura mata zobe ne tana 'yar kwanaki, kafin ƙafar ta yi girma, kuma in ya shiga ba ya fita har ta mutu. Wanda zobensa ke ƙafarta, tasa ce, ko gaban alƙali aka je. Babbar tattabara ba ta satuwa da sauƙi, ka sake ta ta koma gidanta. Jinjirin da bai ga sama ba tukuna shi ake sata. Odiel kuwa yana da wani tsohon namiji da yake kira Shuɗi, jikan waccan da ta zauna kan rufin coci, wanda ya ciyo masa duk kofunan da ke kan kabad. Shuɗi ya tsufa. A wannan makon Odiel ke shirin haɗa shi da macen da ta fi kowace, kuma ya san ƙila 'ya'yan da za su ƙyanƙyashe su ne na ƙarshe. Za su isa sa zobe daidai lokacin da yake can yana kallon birai, Firmin kuma yana nan riƙe da mabuɗi. Ashe 'ya'yan Shuɗi ake nema.

Bai ce a'a ba. Mai zargi na gaske ba ya cewa a'a, yakan ce to, ya zuba ido. Lieve ma sai da ta ɗago ta dube shi da ta ji ya ce to.

Ran Alhamis ta kasuwa suka shiga Oudenaarde, ofishin masu shirya tafiye-tafiye. Wata budurwa mai suna Annelies ta ba su kofi, ta juyo musu da fuskar kwamfuta tana nuna musu daji, da kogi mai kadoji, da wata malalaciyar dabba da ke rataye a reshe tana murmushi. Odiel bai taɓa kofin ba. Ya tambaye ta ko ta san wani Firmin, tsohon direban bas. Ta ce ba ta san shi ba. Ya ce haka dai za ta ce.

Annelies ta ce, "Akwai na kwana goma, yawancin masu shekarunku shi suke ɗauka. Ba gajiya."

Odiel ya gyara zama. "Yauwa, yarinya, kawo shi."

Lieve ta ce, "Mako uku. Ba ragi."

Odiel ya ce, "Ko mu bari sai kaka, an gama tsere, an gama komai?"

"Janairu."

Daga nan Lieve ta shiga wasu tambayoyi da Odiel ya riƙa tattarawa a ransa yana ajiyewa. Ta ce a tabbatar matasan kai na masaukin ba na gashin tsuntsu ba ne. Ta ce ba ta son inda suke ajiye aku a keji, ko kaji a tsakar gida. Ta ce ɗan jagoran ya kasance mai tafiya a hankali, ban da hawan dutse, in akwai kwalekwale ya fi. Annelies tana rubutawa tana gyaɗa kai kamar an saba.

Da suka fito ya tare ta a bakin motar mai soyayyen dankali. "Ke da za ki kallon tsuntsu, kuma ba kya son tsuntsu kusa da ke?"

"Na daji nake so. Na gida sun ishe ni."

Ya riƙe wannan maganar ma. Na gida sun ishe ta.

Abin bai tsaya nan ba. Ta saya masa kaya sababbi fil, tun daga hular rana har safa, da takalman roba na shiga laka, ta kai su gidan 'yarsu Hilde a Gent ta ajiye. Ta ce ko hankici ɗaya daga tsofaffin kayansa ba zai shiga akwati ba, a gidan Hilde za su yi wanka su sauya kafin su wuce filin jirgi. Ya buga wa Hilde waya ya ɗan lallaba ta ko za ta saki wani abu. Ta ce, "Baba, don Allah ka tafi kawai," muryarta wani iri. Ya ajiye waya ya ce ashe har da ita.

A gidan shan giya na ƙungiya kuwa ya sha tsiya. Wani ya ce a kula kada birai su riƙe shi su ce ɗan'uwansu ya dawo. Wani ya ce ya zo musu da mai bakin ayaba a gwada shi a Barcelona. Odiel bai yi dariya ba, yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya yana auna wa ya sani, wa bai sani ba. Firmin yana can ƙarshen kanta, shi kaɗai bai sa baki ba, wannan kuma a wurin Odiel ya fi kowace shaida.

Kuskuren da Lieve ta yi, in kuskure ne, shi ne saya masa madubin hangen nesa. Ta ce ya riƙa gwadawa ya saba kafin su tafi. Ya saba kuwa. Kullum da safe, kafin ya fita lambu, yana tagar ɗakin sama, labule a ɗan ɗage, ya saita shi a lambun Firmin. Ran farko ya ga an sauke katako. Washegari ya ji zarto da guduma. Kafin a shiga tsakiyar Disamba Firmin ya ƙara wa ɗakin tattabarunsa ɓangare guda, ya jera akwatunan sheƙa a ciki, kuma ya shafa musu shuɗin fenti irin na Odiel sak. Tattabara tana gane akwatinta da launi. Wanda ya kwaikwayi fentinka, tattabarunka yake jira, kuma ba jinjirai biyu kawai ba, duka garken.

Wata safiya kuma madubin ya nuna masa Lieve a bakin shinge. Ta riƙe gungumen shingen da hannu biyu, kanta a sunkuye, kafaɗunta suna motsi. Firmin yana ɗaya gefen, ya ɗora mata hannu a kafaɗa yana magana ƙasa-ƙasa. Wani mijin da kishi ne zai taso masa. Odiel sauka ya yi da gudu ya je ya duba ko tattabarunsa sun cika.

Ya ɗauki matakinsa. Ya sauya kwaɗon ƙofa, ya rataya mabuɗin a wuya. Da macen Shuɗi ta yi ƙwai, sai ya kwashe su ya sa ƙarƙashin wasu jajaye marasa suna da ke layin ƙasa, ya sa wa Shuɗi na roba. Ɓarawo zai zo ya yi ta gadin roba. Ya yi kwana biyu yana jin daɗin wannan dabara, har ya ɗan yi wa Lieve fara'a, ya tambaye ta ko kadojin can suna cin tsofaffi. Amma abin yana cin sa. Firmin dai an san shi tun zanen gado. Lieve fa? Shekara da shekaru tana dafa masa, tana wanke masa, ashe jira take ta ga bayansu. Yakan dube ta tana yanka burodi ya ji kamar bai taɓa saninta ba, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata.

Ana saura kwanaki Kirsimeti haƙurinsa ya ƙare. Ya ji guduma ta fara da safe, ya ajiye madubi, ya zagaya ta titi ya tura ƙofar lambun Firmin, wadda rabonsa da ita tun kafin gashinsa ya yi fari. Ya same shi a durƙushe da ƙusa a baki.

"Wa kake wa gini, Firmin?"

Firmin ya cire ƙusar. "Ina kwana dai, Odiel. Ashe ka san hanyar gidan nan."

"Na ce wa kake wa gini? Ina ka ga tattabarun da za su cika wannan? Naka da ko nan kusa Tournai aka kai su sai ka bi su da bas ka ɗauko?"

"Su dai ba sa zama kan rufin coci."

"Shi ke nan, ka faɗa da bakinka. Har da fentina. An tura tsoho daji kallon birai, a kwashe masa gida. Tun yaushe kuka ƙulla?"

Firmin ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ba Odiel haushi ke nan. Ya ce, "Ka ga, da son raina ne ko gashin tattabararka ba zan taɓa ba. Shekara nawa ina shan gorin zanen gado, sai in ƙara wa kaina wannan? Sa ni aka yi."

"Wa ya sa ka?"

"Je ka tambayi mai wanke maka riga. In ka je kuma, Odiel, ka rufe bakin nan, ka buɗe abin da kake taƙama da shi."

Odiel ya koma gida yana huci. Bai saba shiga cikin gida a wannan lokacin ba, daga karin kumallo sai abincin rana yake ganin kicin. Ya leƙa kicin ba ta nan. A tsakiyar matakala ya same ta zaune, kwandon wanki a kan cinyarta, bakinta a ɗan buɗe.

"Me kike yi a nan?"

"Hutawa."

"A kan matakala?"

"Nan nake hutawa kullum. Kai ne ba ka shigowa."

Ya tsaya a ƙasa riƙe da ƙarfen matakalar. Duk maganar da ya shiryo a hanya, guntunta kawai ya fito. "Firmin ya ce ke kika sa shi."

Ta ajiye kwandon a gefe. "Ni na sa shi. Na je wajen likitan huhu a Gent, Hilde ta kai ni. Ya ce yana zargin tattabarun. Farar hodar nan ta jikinsu. Ba sai mutum ya shiga ɗakinsu ba, tana biyo riga, tana biyo gashin kai. Ya ce in yi nesa da su mako uku cur. In tarin ya lafa, su ne. In bai lafa ba, sai a nemi wani abin."

"Likitan nan, ɗan wane gida ne? Wa ya haɗa ki da shi?"

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari, sai da ta gama ta ce, "Ka ji ko. Saura ka tambaya ko yana shan giya da Firmin. Shi ya sa ban faɗa maka ba. Kai likita bai ishe ka ba, hoton ƙirji bai ishe ka ba, ni ma ban ishe ka ba. Kunnenka kaɗai ka yarda da shi. Sai na ce bari in kai kunnen inda babu tattabara, ya kwana kusa da ni, ya ji da kansa."

"Ba sai ki je gidan Hilde ki zauna ba?"

"In je ni kaɗai, in dawo in ce maka na ji sauƙi, ka yarda? In kuma tare muka je, kullum kana cikin jirgin ƙasa ka zo ka ba su abinci, ka koma mini da hoda a kafaɗa. Dole na nemi inda teku ya shiga tsakani. Tsuntsayen kuwa don kai ne, kada zaman ya kashe ka. Ni ina ruwana da mai bakin ayaba?"

Odiel ya ji matasan kai, da akun keji, da sababbin kaya, da ɗan jagora mai tafiya a hankali, duk sun dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zauna a gurbinsa. Ya tattara su tsaf bai bar ko ɗaya ba, amma ya jera su a kan wani abu dabam. Ya ce, "Akwatunan Firmin fa?"

"Ko da su ne. Kada a kai su kasuwar Lier a sayar wa wanda ba ka sani ba. Ta bayan shinge ko ba komai za ka riƙa jin kukansu."

"In kuma bai lafa ba?"

"To, ba ruwan tattabarunka ke nan. Mun sha hutu mun dawo, Firmin ya samu sabon ɗaki a banza, kai ba ka ma san an yi ba." Ta gyara zaman siket ɗinta a gwiwa. "Shi nake roƙo duk Lahadi. Ba na son in zama ni na raba ka da su, Odiel. Ba za ka yafe ba. Na ga abin da zanen gado ya jawo."

Odiel ya san abin da likitoci ke nufi in sun ce wani abin. Ya raka abokan aikinsa na masaƙa makabarta a kan wani abin. Matar nan tana zuwa coci tana durƙusawa tana roƙon ya zama wancan ne, don dai kada a taɓa masa tsuntsaye, shi kuma yana taga da madubi yana gadin ƙwai.

Ya juya. Ya fita ta ƙofar baya, ya tuɓe rigar ruwan toka ya jefa ta can cikin lambu, ya tsaya a famfon waje cikin sanyin nan ya wanke hannu da fuska da kai. Ya dawo da ruwa yana ɗiga daga gashinsa, ya hau matakalar ya zauna a bayanta. Ya kara kunnensa a gadon bayanta, ya lumshe ido.

Ta ce, "Me ka ji, likita?"

"Yi shiru. Ja numfashi."

Ta ja. Can ƙasa, gefe biyun duka, ya ji wata 'yar ƙara siririya, kamar ana murza gashi tsakanin yatsu. Iskar ba ta kaiwa inda ya kamata ta kai. Da tattabara ce ya ji wa wannan, da tuni ya ware ta, ya kai ta kusa da murhu, ya hana kansa sakat har sai ta miƙe. Ya saurari na dukan layinmu a bakin titi, har na mutanen da ba ya gaisawa da su. Wannan ƙirjin da ke kwana gefensa shi kaɗai bai taɓa saurara ba. Kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo bayanta, kuma tsoron ya fi yawa.

Ya ce, "Sake ja."

Ta sake. Ya daɗe a haka, har ta ce masa ruwan kansa ya jiƙa mata riga. Ya tashi ya ɗauki kwandon wankin ya kai mata sama, ya sauko ya fice.

Firmin yana inda ya bar shi, amma bai ci gaba da aikin ba, yana zaune kan katako. Odiel ya wuce shi ya shiga sabon ɗakin, ya zura hannu cikin akwatunan, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa sama.

"Sun yi ƙunci. Iska kuma ta nan take shigowa, za ta buge su. Ka toshe nan, ka buɗe can. Direban bas dai direban bas ne."

"To, injiniya."

Odiel ya ciro igiyar da ke wuyansa ya miƙa masa mabuɗin. Hannunsa bai so saki ba, sai da Firmin ya ɗan ja. "Ƙwan da ke ƙarƙashin Shuɗi na roba ne, kada ka ɓata lokacinka. Na gaskiyar suna ƙarƙashin jajayen nan, layin ƙasa ta hagu."

Firmin ya rataya mabuɗin a wuyansa, Odiel ya ci gaba.

"In zobba sun fito, ka sa musu naka. Kuma da sun fara ci da kansu ka ɗauko su nan, kada ka bari su ga sama daga rufina. In suka gani, can za su riƙa komawa har su mutu."

"Odiel, ba ka bari ku je ku dawo tukuna? Ƙila ba su ba ne."

Odiel ya juya ya dubi ɗakin katakon mahaifinsa ta saman shinge. Shuɗi yana bakin taga a cikin 'yar ranar da ta fito, ya kumbura ƙirji, yana jiran lokacinsa ya koma kan ƙwan roba.

Odiel ya ce, "Ka roƙi Allah ya zama su ne."

Ya zagaya ta titi ya koma gida. Rigar ruwan toka tana nan yashe a kan ciyawa, ya wuce ta. Ya sami Lieve ta sauko kicin ta ɗora ruwan kofi, ya karɓi butar daga hannunta ya ce ta zauna. Sannan ya jawo ɗan littafin nan mai hotuna, ya sa tabarau, ya ce ta nuna masa wajen kwalekwalen, yana so ya ga ko ɗan jagoran yana da fuskar mutumin kirki.